Zaren da ya gama aiki, wa ya ce a yanka shi?

Na san halinku, masu karatu. Wani har ya taɓe baki yana cewa, "To fa, me ya haɗa madatsar Makwar da kwamfuta?" Gyara zama, Alhaji. Gaskiya ne, waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka sauka a gaɓar kogi kusa da Sinnar ba su zo da kwamfuta a cikin kayansu ba. Amma tun da aka gama madatsar Makwar a 1925, manoman Jazira ke yin abin da ke hana masu rubuta manhaja barci.

Ruwa ɗaya ne ke fitowa daga madatsa, ya rarrabu har ya kai magudanar da ake kira abu ishirin, daga nan ya shiga ƙaramar da ake kira abu sitta, gonaki da yawa suna sha a lokaci guda. Haka ake raba wa manhaja aiki zare-zare: wannan yana sauko da hoto, wancan yana lissafi, wani yana jiran ka danna allo. In hawasha, wato gonar manomi, ta ƙoshi, mai ita ne ke toshe bakin magudanarsa, na maƙwabci na ci gaba da gudu.

"To in zare ya gama, a kashe shi mana!" Kai yaro, wa ya koya maka wannan gaggawar? Zaren da ya cika umarninsa na ƙarshe da kansa yake fita. Naka kawai ka jira shi da umarnin join, ka karɓi sakamako. A tsarin POSIX, in ba ka jira shi ba kuma ba ka sallame shi tun farko ba, gurbin da ya riƙe a ƙwaƙwalwar na'ura ba ya dawowa, yau kaɗan gobe kaɗan, sai ka ji ana zagin kamfanin waya. A C++ ma ba wasa: ka yi watsi da zaren da ba a jira ba, manhajar gaba ɗaya ta faɗi.

Mai taurin kan shi ne wanda aka sa yana kewaye ba iyaka, yana jiran sabon aiki. Shi alama ake ajiye masa, duk zagaye ya leƙa. In ya ga an ɗaga, ya rufe fayil, ya saki makullin da yake riƙe da shi, ya tafi.

Har yanzu ina jin gunaguni daga bayan sahu. To ku tambayi masu Java. Sun taɓa ba da wuƙa, Thread.stop, sai ta riƙa datse zare yana tsakiyar rubutu, a bar bayanai rabi sabo rabi tsoho. Tun 1998 suka ce a daina taɓa ta, a Java 20 ta 2023 kuwa in ka kira ta kuskure kawai za ta jefo maka. Python ma ba ta wahalar da kanta ba, ɗakin karatunta na zare bai tanadi umarnin kisa ba sam. C++20 kuma ta kawo jthread, mai karɓar roƙon tsayawa, mai jiran kansa.

Wanda bai gamsu ba, bismillah, ya yanke zaren da ke rubuta lissafin kuɗin audugarsa, sannan ya aiko mana da labarin abin da ya samu a asusun.