Direba, Ɗan Rage Gudu In Ɗauki Dutse

Tun da aka yi wa waya ido a ƙeya, tafiya ta koma aikin tara shaida. Da can matafiyi kan dawo da tsarabar kilishi ko rake, in ya rasa ya dawo da labari. Yanzu tsarabar ita ce tulin hotuna a gurup ɗin dangi, kuma kai mai buɗewa da datarka za ka biya kuɗin kallo.

Babbar ma'aikatar masu wannan sana'a ita ce Dutsen Zuma, daf da Madalla, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Dutse ne mai tsayin gaske, kuma a 1999 Babban Bankin Najeriya ya buga shi a takardar naira 100. Wato duk mai irin wannan ɗari a aljihu yana yawo da hotonsa, wanda ƙwararru suka tsara. Amma ina! Dutsen na leƙowa sai ka ji murya daga kujerar baya: "Direba, don Allah ɗan rage gudu." Direban da ya tsufa a kan hanyar nan sai ya yi kunnen uwar shegu. A ɗauka ta gilashi mai ƙura, mota na sheƙa gudu, daidai lokacin da tankar mai ta zo giftawa. A ƙasan hoton a rubuta "Ikon Allah". Ikon Allah kam gaskiya ne, sai dai tankar ta fi fitowa.

Mai motar kansa ya fi gata, domin shi yakan faka ya fito. Ya gyara hula, ya juya wa dutsen baya, ya miƙa hannu. Mutane na cewa akwai siffar fuskar mutum a jikin Zuma. A hotonsa ma akwai fuska, tasa, ta rufe komai.

Duk wannan somin taɓi ne idan dare ya yi. Ɗan birni ya je ƙauye ɗaurin aure, aka yi sallar isha'i, ya ɗaga kai ya ga abin da fitilun titi suka ɓoye masa tun yarinta. Ga Kaza da 'Ya'yanta, ga wani farin zane ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan.

"Kawu, ashe taurarinku sun fi namu yawa?"

"Su ne dai na garinku, ɗana. Ku kuka haske musu ido."

Maimakon ya zauna a tabarma ya sha kallo, sai ya zaro waya ya kunna filashi. Tsakaninmu da wata akwai kusan kilomita 384,000, hasken filashin kuwa ko bakin zaure ba ya kaiwa. Abin da ya haska kawai ita ce akuyar da ke ɗaure a turke, idanunta biyu suka yi ƙyalli. Su ne taurarin da suka fi fitowa a hoton daren nan. In kuwa farin wata ya samu, sai ya sa yatsu biyu ya yi ta zuƙowa, har watan da mawaƙa ke kwatanta amare da shi ya koma ƙwayar farasitamol a kan baƙin ƙyalle.

Alhali abin ba tsafi ba ne. Hasken tauraro kaɗan ne, don haka dole a bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙa 15 zuwa 20 yana tara shi, ba tare da wayar ta motsa ko ƙanƙani ba. In aka zarce da yawa kuma, juyawar duniya ta ja taurarin su zama zare-zare. Ana son dare marar wata, a ƙarshen wata ko farkonsa, kuma ba a tsakiyar hunturu ba, lokacin da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe sama. Shi kansa idon mutum sai ya yi minti ashirin a duhu kafin ya buɗe sosai. To, wa ya ga ɗan zamani ya yi minti ashirin bai leƙa fuskar waya ba? Duk leƙe ɗaya, lissafi ya koma farko.

Wanda ya ɗan yi karatun abin yakan jingina wayar a jikin turmi, ya tokare ta da dutse, ya hana kowa tari. A daƙiƙa ta goma wayar ta hau rawa. Uwargida ce, tana tambaya ko an sauka lafiya.

Kamfanoni sun gane halinmu. A 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan a kwamfuta, ya ɗauke shi daga allon da wayar Samsung, sai ga wata ya fito tas da ramukansa. Kamfanin ya yi bayanin cewa manhajar wayar ce ke gane wata ta ƙara fito da siffarsa. Ni dai ban ga laifinsu ba. Tela ma yakan gyara wa mai tumbi riga bai faɗa masa ba.

Gwanin gwanaye shi ne wanda ya huta da duk wannan wahala. Ya shiga intanet, ya kwafo hoton saman hamadar Atakama ta ƙasar Chile, inda manyan na'urorin hangen taurari suke, ya ɗora a sitatus: "Daren jiya a ƙauyenmu." Bai lura da tsaunin da ke gefen hoton ba, da ƙanƙara fari fat a kansa, alhali ƙauyen nasu ko tudun da jaki zai yi haki babu. Abokai suka yi ta zuba yabo, har Gwaggo ta aiko da saƙon murya:

"Masha Allah, ɗan nan. Yaushe gwamnati ta kawo mana dutse?"