Garin Gwangwani da 'Yan Gardamar Daura

Na san ku, 'yan majalisar ƙofar gida. An ce muku samari masu ɗaga ƙarfe sun fara sayen wani farin gari a gwangwani, wai shi gulutamin, wai yana gyara hanji yana warware gajiya, sai Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Alli ne aka daka, yaro." Ban ga laifinku ba. Jikokin waɗanda suka sha fama da macijin rijiyar Kusugu dole su leƙa rijiya kafin su zura guga. Amma Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba alli ba ne. Yanzu haka da kake zaune yana yawo a jininka, kuma ko sisi ba ka biya ba.

Gulutamin ɗaya ne daga cikin amino asid 20 da suke haɗuwa su ba da furotin. Tara daga ciki sai an ci su a abinci, sauran kuwa jiki ke haɗa abinsa. Gulutamin na cikin waɗanda jiki ke haɗawa, galibi a tsoka, kuma ya fi kowanne yawa a jini. Ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin ƙaramin hanji kuwa shi ne babban abincinsu. Ashe mai talla bai yi ƙarya duka ba. Abin da bai gaya muku ba shi ne tsokarku ta riga shi buɗe shago.

Ga Malam can yana murmushi, wai na dawo layinsa. Dakata tukuna. Kai da ka ce duk abin da Bature ya zuba a gwangwani damfara ne, ina za ka kai maganar sikila? A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wannan garin, da sunan Endari, ga masu sikila daga shekara biyar zuwa sama, domin ya rage musu yawan tashin ciwon. Daga Daura zuwa Zango da Baure, wa a cikinku bai san gidan da yaro ke kwana yana kukan ciwon ƙashi ba? Je ka ce wa uwarsa alli ne, mu ga ko za ka fito da hularka.

Ku kuma samarin ƙarfe, ku bar tafi. A 2013 an wallafa wani babban gwaji da likitocin Kanada suka jagoranta a kan majinyata sama da 1,200 da ciwo ya yi wa tsanani ƙwarai. Waɗanda aka bai wa gulutamin sun fi mutuwa. Shi ya sa likita ne ya kamata ya rubuta shi, ba abokin ɗaga ƙarfe ba. Mai lafiya da ke cin nama da wake da ƙwai kuwa, har yau bincike bai nuna cewa garin zai ƙara masa ƙwanji ba. Kuɗin gwangwanin nan, da tsire ka saya.

Hajiya ta ce, "Ai dama fura ta ishe mu." Kin kusa gaskiya, Hajiya, in da nono a ciki. Gero yana da ƙarancin wani amino asid mai suna laisin, nono da wake ke cike gurbin. Sai dai gidan da ke kallon shanu na wucewa kasuwar Mai'adua, ana dama fura da ruwa zalla, a kwana da tuwo da miyar kuka ba ko ƙashi, bai cancanci wannan fariyar ba. Yaro kuma in gudawa ta kama shi, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ake nema, ba garin gwangwani ba, a wuce asibiti.

Saura kai, Alhaji. Waccan kwalbar da ke leƙowa daga aljihun babbar rigarka, wadda ka saya wurin mai mota da lasifika ranar kasuwa, wadda aka ce tana maganin basir da shawara da sanyin ƙashi a kurɓa ɗaya, ɗan juyo mana ita mu ga lambar NAFDAC. A'a, kada ka tura ta ciki, mun riga mun gani.