Injiniyan Kula

Ɗan ƙanwata ya faɗo mini gida daren Talata da logbuk ɗinsa na IT a hammata. Wata shida cur, ko alif bai rubuta ba. Wai, "Kawu, ka riƙa faɗa ina rubutawa, Litinin muke difens."

Na ce to Malam Injiniya, me ake yi a ma'aikatar taku? Ya ce da safe ana gaida oga. Sai kuma me? Sai a jira azahar. Ana idar da salla oga zai miƙo kula da kuɗi, a zaga bayan ofis a sayo shinkafa da wake, a jaddada wa mai abinci kar ta manta da salak.

Shafi ɗaya ne kawai ya cike, wanda ake zana na'urar da aka yi aiki da ita. Kular ya zana. Wallahi da rula. Ga murfi, ga mariƙi, ga hawa uku, kowanne da kibiya: shinkafa, miya, nama. Har da wani zanen da ya tsaga ta gida biyu don a ga cikinta. Yaron nan ya san minti nawa miya ke yi kafin ta huce, ya san saurin da za a yi tafiya kada mai ya tsiyayo, ya gano cewa sai an murɗa murfin hagu tukuna sannan dama. Malamin da makaranta ta turo duba su ya zo sau ɗaya, ya ci daga kular, ya sa hannu, ya rubuta cewa ɗalibi yana da ƙwazo. Bai yi ƙarya ba. A ajinsu ma shi ne gwarzo, don wasu ko ƙofar ma'aikatar ba su sani ba, aminin baba ne ya buga musu hatimin wata shida a zama ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta ƙirƙiro SIWES, wato wannan IT ɗin, tun 1973 saboda masu masana'antu na kukan cewa 'yan jami'a na fitowa da takarda babu aiki a hannu. Yau ogan da ya garƙame ɗakin injuna ya ce "kar ku taɓa, za ku ɓata," shi ne gobe zai zauna a majalisa yana tsaki, wai yaran yanzu ba su iya komai ba. A ina za su iya, Alhaji? A gindin murhun mai abinci? Iyaye kuma su yi ta neman hanya a kai ɗansu inda akwai iya-kwandishan, kusa da gida, inda ba a wahala. Ka ce wa yaron ya je Panteka a Kaduna ya ga yadda ake narka ƙarfe a ƙera kayan gyara, sai ya ɓata rai, wai ai can ba ofis ba ne.

Ita ma kular ta rabon biki ce, da hoton ango da amarya a jiki. Wannan wata masifar ce. A gidana akwai kuloli da bokitai da faranti, kowanne da fuskar wasu suna murmushi, wasu auren ma ya daɗe da mutuwa. Ka zo alwala, ango na kallonka daga jikin buta. Kuma ba a taɓa ba ka murfin da ya dace. Masu biki, don Allah in za ku raba, ku rage girman hoton ku ƙara kuɗin murfi.