Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwandar Tsakar Gida

Zuwa ga bishiyar gwanda da ke tsaye kusa da makwarara, a wani gida na unguwar Birni, Zinder, wato Damagaram. Bayan gaisuwa da ban gajiyar tsayuwa, maigidan da ya shuka ta yana neman a zauna a yi lissafi.

Wata takwas ke nan ana kiran ta Hajiya Gwanda, ana shayar da ita safe da yamma, a garin da ƙishirwa ta kori Nasara. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder suka kai Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilansu. Gari ne da ke zaune kan dutse, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga wajen Gogo da Arunguza. Ranar da famfo ya yi shiru, sai an tare ɗan garuwa an yi ciniki. Duk da haka ruwan alwala da na wankin shinkafa ba su taɓa wuce gindin Hajiya ba.

Tana cika wata biyar ta fara fure. Uwargida har ta yi wa dangi alkawarin nunan fari. Furanni ne ƙanana, cunkus a kan dogayen tsinkaye masu reto, ga ƙamshi da magariba. Su buɗe, su zube, yara su share. Sai da wani mai lambu daga Mirriya ya kawo latas, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya shaida wa maigida cewa namiji yake ta yi wa hidima.

Ashe Hajiya, Malam ne.

To, gaskiya dai ba duka laifin Malam ba ne. Gwanda jinsi uku ce: namiji, mace, da mata-maza. Furen mace babba ne, yana manne da jikin bishiya a hammatar ganye, da ɗan ƙwallonsa a ciki tun kafin ya buɗe. Amma sai iska ko malam-buɗe-littafin dare ya kawo mata garin furen namiji, in ba haka ba yawanci ƙwallon ya yi rawaya ya faɗi. Mata-maza ita ke ɗaukar nauyin kanta, shi ya sa masu noman sayarwa ke neman irin Solo da ya yi suna a Hawai, ko Red Lady ta Taiwan. Ƙwayar iri kuwa ba ta faɗin jinsinta, komai ƙura mata ido. Saboda haka gwanayen lambu kan zuba uku ko huɗu a rami guda, su jira fure, su tuge mazan, su bar ɗaya ga mata kamar goma. Maigida ƙwaya ɗaya tak ya binne, daga gwandar da ya sayo a Kasuwar Dole, ya koma gefe yana jiran rabo.

Masu ba da shawara ba su yi wuya ba. Wani ya ce a kafa wa Malam ƙusa a gindi, wani ya ce a fille masa kai zai koma mace. Namiji yakan yi 'yan ƙananan 'ya'ya jefi-jefi idan yanayi ya sauya, su rataye a dogon tsinke kamar tulun yara, to daga nan labarin ya samo ƙafa. Abin da ƙusa ta fi kawowa shi ne ruɓa.

Kuma ko mace ce, Damagaram ba ta raga mata. Baƙuwa ce daga kudancin Meziko, jiragen ruwan Sifaniyawa da Fotugis suka yaɗa ta tun ƙarni na 16, har Hausawa suka sa mata gwandar Masar don a bambanta ta da gwandar daji. A Afrilu da Mayu zafi yana haura maki 40, fure ya yi ta kakkaɓewa sai an lulluɓe gindi da ciyawa an ƙara ruwa. A Agusta kuma, ruwa ya kwanta mata kwana biyu saiwa ta ruɓe. Son ruwa kamar agwagwa, tsoronsa kamar akuya.

Yanzu ga hukunci. An riga an wasa adda, sai mai lambun nan ya leƙa ta saman katanga ya nuna gwandar maƙwabta, ta yi lodi tun daga wuya har ƙugu, alhali duk layin babu wani namiji sai Malam. Wato wata takwas maigida yana sayen ruwa yana yi wa gidan wani aure.

Don haka an ɗage sara. Malam zai ci gaba da zama, amma an rage masa ruwan safe. An tona sabon rami a tudu, nesa da makwarara, an zuba takin akuya da ya ruɓe, an binne ƙwaya huɗu. An kuma aika yaro gidan maƙwabta da sallama, a tuna musu cewa angon yana nan lafiya, kuma har yau dangin ango ba su ga ko ɓari guda ba.