Ire-iren Masu Buga Ƙofar Rumbun Bayanai

A tsarin Oracle akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira mai sauraro, wadda take zaune a ƙofa mai lamba 1521 tana jiran masu neman shiga rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da bankuna da ma'aikatu suke tara lissafinsu. Aikinta bai wuce na ɗan kamasho a tasha ba, domin iyakarta ta haɗa mai zuwa da hadimin da zai biya masa buƙata, ko kalmar sirri ba ita take dubawa ba, amma da an sami cunkoso ita ake fara zagi.

Wanda ya fi gajiyar da ita shi ne marubucin manhajar da yake buɗe sabon haɗi a kan kowace tambaya, ya rufe, ya dawo nan take a sake tashin sabon hadimi dominsa. Idan aka ba shi shawarar ya bar 'yan haɗe-haɗe a buɗe ana amfani da su karɓa-karɓa, sai ya ɗaure fuska ya ce ai a kwamfutarsa komai lafiya lau, alhali shi kaɗai ne yake shiga can. Ƙaninsa a wannan sana'a yana buɗewa ya manta da rufewa, ya tafi hutu, har gurabe su cike a fara korar bayin Allah da saƙon ORA-12516. A wani tsarin rumbun bayanan mai suna PostgreSQL ma, inda gurabe 100 ne kacal idan ba a ƙara ba, ba ya buƙatar dogon hutu.

Akwai kuma mai taurin kai, wanda ya canja kalmar sirri ya bar tsohuwar a cikin wata manhajar da take aiki da tsakar dare, ita kuwa ba ta jin kunya, tana ta gwadawa har sau 10, asusun ya kulle, ma'aikata su wayi gari a waje suna ɗora wa intanet laifi.

Mafi kwarjini a cikinsu shi ne jami'in da maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato ya kashe mai sauraro ya sake kunnawa. Waɗanda suka riga suka shiga ba su ma san an yi ba, tunda haɗinsu ya daina bi ta hannunta, na waje kuma sai su afko gaba ɗaya. Idan cunkoson ya lafa don kansa, sai ya rubuta wa shugabansa rahoto cewa ya shawo kan matsalar.