Ka Ce Malta Lemon Kwalba Ce?

Tsaya, Alhaji, kada ka juya shafin. Na ga taɓe bakin da ka yi tun daga kanun magana. Ka ce kai Malta ɗaya ka sani, wadda ake cirowa daga firji a kawo wa baƙo ranar sallah. To, sannu da ƙoƙari. Akwai wata da ba a buɗe ta da haƙori. Ƙasa ce mai tuta da majalisa a tsakiyar Bahar Rum, kilomita 93 kudu da tsibirin Sisili na Italiya, kuma ita nake so ka sa a gaba in ka yi niyyar hutunka na farko a tsibiri.

Ka ce, "Hutu kuma? Ni da lafiyata ƙalau?" Ai nan gizo ke saƙa. A wurinka ba a hawa jirgi sai da dalili mai hatimi: ko Hajji da Umara, ko ganin likita a Alƙahira, ko sari a Dubai. Duk wanda ya ce zai je ganin gari kawai, sai ka fara tunanin a nemo masa rubutun sha. Amma kai ne kullum kake tsare yara da cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ashe mabuɗin naka na ado ne, a aljihu yake kwana?

Ka ce in dai tsibiri ne, me ya hana babba? Ga Sisili, ga Kirit ta Girka, ga Saifurus inda ɗan wanka yake karatu. Duk suna nan, ba inda za su. Sai dai Sisili ta haura murabba'in kilomita 25,000, mako guda zai ƙare kana zaune a mota kana kallon ƙeyar direba. Malta kuwa, da ita da ƙannenta Gozo da Komino, duka-duka 316 ne. Tsawon babban tsibirin kilomita 27, bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. Ko ka ɓata ba za ka yi nisa ba, teku zai koro ka.

Ka ce ba ka jin yarensu. Wa ya ce sai ka ji? Turawan Ingila sun riƙe wurin daga 1800 har 1964, kuma Turanci na cikin harsunan hukuma biyu. Wanda kake fasa wa ɗan sanda a shingen hanya ma ya ishe ka sayen tikiti. Nasu na gado kuwa jikan Larabci ne da ake rubutawa da boko, don Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870. Ka tsaya kusa da mai kifi yana ƙirga canji, za ka rantse makarantar allo ya yi. Amma kada ka yi saurin cewa ka tsinci 'yan'uwa. Katolika ne na gidi, kusan kowace unguwa da cocinta.

Ka ce, "Ba wannan tekun ne ke cinye mana matasa ba?" Nan kam na ajiye wasa. Shi ne. Dubban masu bi ta Agadas zuwa Libiya su shiga kwalekwalen roba sun halaka a ruwan da ke tsakanin Libiya da Malta da Italiya. Allah ya jiƙan su. Kuma wannan labari yana nan a ran mai duba takardun bizarka. Aikinsa ɗaya ne: ya gamsu cewa in ka je za ka dawo. Saboda haka kafin ka sayi tabarau da gajeren wando, sayi fayil.

Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta shiga yankin Shengen a 2007, don haka bizar Shengen za ka nema. Tun 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga baligi, kuma ba a mayarwa ko an hana ka. Sai inshorar lafiya ta tafiya da za ta iya ɗaukar yuro 30,000, da fasfo da zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka, da shaidar masauki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da bayanan banki. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a tafi. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya ja har 45. Kai kuma na san halinka: saura kwana goma za ka tashi, sannan ka ce an yi maka wulaƙanci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka ce wannan mai sauƙi ne, za ka ari kuɗi wurin amininka ka zuba a asusu daren Laraba, ka buga takarda ranar Alhamis. Madalla da wayo! Asusun da wata shida yana numfashi da ƙyar, ya wayi gari ya yi tumbi, kana zaton ba su da ido? Ka ce to akwai wani yaro a unguwarku mai "haɗa takardu". Bar shi ya haɗa wa kansa. Takardar jabu ɗaya ta isa ta ɓata maka suna a ƙasashen Shengen baki ɗaya. Kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jirgi kai tsaye daga Nijeriya babu, sai ka yada zango a Santambul ko wani birnin Turai.

Ka ce Agusta za ka tafi, yara sun sami hutu. Kai da rabin Turai ke nan. A watan ne masauki ke tsada, bakin ruwa ke cika maƙil, musamman wajen 15 ga wata, ranar bikin Santa Mariya. Ka ce kai Basakkwace ne, zafi ba ya ba ka tsoro. Naku busasshe ne, Alhaji. Nasu da danshi yake zuwa, ka yi wanka ka fito, kafin ka sa hula ka sake jiƙewa. Ga bukukuwan waliyyan ƙauyuka duk bazara, da wasan wuta mai ƙarar da za ta sa ka lalubi ƙarƙashin gado. Zaɓi Afrilu, ko Mayu, ko Oktoba. In wankan teku ne a ranka, Oktoba ta fi, don ruwan bai gama hucewa ba.

Ka ce tsada. Ƙwarai kuwa, yuro ake kashewa tun 2008, kuma ba ya jin kunyar naira. A 1530 Sarki Charles na Biyar ya ba mayaƙan ƙungiyar Waliyyi Yohanna tsibirin nan sukutum a kan hayar shaho ɗaya duk shekara. Wannan garaɓasa ta wuce, kai ba ka riske ta ba. Abin da ya rage maka dabara: kama ɗaki mai wurin girki, sayi katin bas na mako guda, ka bar tasi ga masu hannu da shuni. In barci kake so, kada ka sauka a Pachebil, unguwar kiɗa da mashaya ce har asuba. Ka ware kuɗin ruwan roba ma, don ƙasar da ruwa ya kewaye ba ta da kogi ko ɗaya. Na teku ake tacewa a haɗa da na ƙarƙashin ƙasa.

Ka ce za ka yi hayar mota, shekara talatin kana tuƙi. A wane hannu? Su ta hagu suke bi, hannun da Nijeriya ta bari tun 1972, ga lunguna da aka gina don keken doki. Zauna a bas ka ci gaba da zama gwani. Albishir ɗaya dai: soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajarka za ta shiga ba gardama.

Yanzu sai babbar damuwarka, wadda ka ɓoye sai yanzu: "Me zan ci?" Na san har ka fara tunanin cusa garin tuwo da kilishi a akwati. Fitar da kilishin, an hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama ko madara. Akwai burodinsu, ftira, da ake cikawa da kifi da tumatir da man zaitun. Akwai pastizzi mai cuku ko wake, ka tambayi irin man da aka murza shi da shi. Akwai imqaret, soyayyen fulawa mai dabino a ciki. Ranar Lahadi ka je kasuwar kifi ta Marsashlok, inda kwalekwale ke da idanu a goshi. Lemonsu na gida Kinnie ne, mai ɗaci-ɗaci. Abincin alfaharinsu kuwa zomo. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A can ba gudu, amma da giya aka saba dafa shi, ga batun yanka, saboda haka tambaya ta zama dole. Shagunan Turkawa da Larabawa suna nan. Masallacin Juma'a ma yana garin Pawla, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978. Uzurinka na gaba?

Ka ce, "Wato in kashe wannan kuɗi in je kallon duwatsu?" E, amma wane irin duwatsu! Wuraren bautar Jigantiya da ke Gozo an fara gina su wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, sun girmi dalar Masar. Jirgin ruwa na minti 25 zai tsallakar da kai. A can Gozo ɗin, a gidan tarihi, akwai dutsen kabarin wata Musulma, Maimuna, da rubutun Larabci na 1174. Babban birnin, Baleta, an aza shi a 1566, bayan rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kewaye tsibirin a 1565 ta koma ba nasara. Da ƙarfe 12 na rana za ka ji an harba igwa a saman tashar jiragen ruwa. Kada ka kira gida, ba juyin mulki ba ne, al'ada ce. Makabartar ƙarƙashin ƙasa ta Hal Safliyeni kuwa mutum 10 ake shigarwa a lokaci guda, sai ka kama gurbi tun makonni kafin ka taso. "Ka san ko ni wane ne?" ba ta aiki a ƙofar. Shi kuma dutsen nan mai siffar taga a bakin teku da ka gani a Facebook, kada ka wahalar da direba: ya rufta tun Maris na 2017.

Ka ce ruwa kam ba ka jin tsoro, a kududdufi ka girma. Iya ruwa fid da kai. Yawancin gaɓar Malta dutse ne. In yashi da ruwa marar zurfi kake so, nufi Meliha, ko Ramla mai jan yashi a Gozo. In ka ga jar tuta, zauna a tudu ka ci gyaɗa. Lambar gaggawa 112. Ka ce Hajiya ba za ta yarda da wurin masu tsiraici ba. Tana da gaskiya, shigar bakin ruwa ba irin tamu ba ce. Amma ba wanda zai tilasta muku zuwa, kuma a manyan cocinsu mai ɗangalallen kaya ake tsayarwa a ƙofa ya rufe kafaɗa da gwiwa. Hajiya da mayafinta wucewa za ta yi.

Saura me? Tsaraba? Ka ce dangi arba'in ke jira. Su jira. Hutu ka je, ba fatauci ba.

To, Alhaji, gardama ta ƙare sai aiki. Duba ranar ƙarewar fasfonka yau, ka fara tara takardu tun saura wata shida, ka tsaya a ƙasa ɗaya, kada ka cusa ƙasashe biyar a mako guda. Kuma ranar da ka rubuta za ka dawo, ka dawo. Mai neman biza a bayanka ɗan'uwanka ne, kada ka rufe masa ƙofa.