Neman Makaranta a Dubai

Duk wanda aiki ya kai shi Dubai da iyali, shi ake fara yi wa jarrabawa kafin yaran. Manhajar Ingila, ta Amurka, ko IB? Ta Indiya ta fi sauƙin kuɗi, sai dai a watan Afrilu take buɗe shekara. Hukumar KHDA ce ke auna makarantun, iyaye kuwa sun haddace rahotonta fiye da yadda 'ya'yansu suka haddace karatu. Ranar ziyara a nuna muku wurin ninƙaya da fili mai ciyawar roba. Malamin lissafi kuwa wai yana taro. Uwargida ta yaba ɗakin kiɗa, maigida ya ga takardar kuɗi ya nemi kujera. Daga baya aka tambayi yaron wace makaranta yake so, ya ce shi dai wadda ake sayar da askirim a cikinta.